Neman kalmar Hausa: "shed roof" da "pitch" don darasin SketchUp

Mai_Zane: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jibi Asabar zan koya wa yaran kafintoci zana rufi a SketchUp, manhajar zana gine-gine a kwamfuta, irin wanda Bature ke kira shed roof: kwano shimfiɗa ɗaya, bangon gaba ya fi na baya tsawo, ruwa na zuba gefe guda. Aikin kansa ba wuya. Ka zana ɗakin, ka ɗaga shi da maɓallin Push/Pull, ka zaɓi layin saman bango ɗaya, ka ja shi sama da maɓallin Move a kan shuɗin layi, wato layin da ke nuna sama. Sunan ne ya gagare ni, shi da pitch, wato yawan karkatar rufin. Gobe za a buga takardar darasin. Ku agaza.

Ɗan_Magini: Wa alaikumus salam. Rufin rumfa mana. Ai shed rumfa ce.

Mai_Zane: Na yi tunaninsa, amma rumfa ba ta da bango, kuma wata rumfar rufinta a baje yake. Yaro zai ɗauka inuwar mai shayi ake nufi.

Bamaraɗe: Rufi mai gangare ɗaya. Mai tozo a tsakiya kuwa, mai gangare biyu. Faransanci ma da gangaren yake ƙirga su.

Malam_Nahawu: Ya yi tsawo. Ni na daɗe ina cewa jingine. Gajere ne, Hausa ce tsantsa, daga jingina.

Ɗan_Magini: Allah ya gafarta Malam, jingine sai wanda aka jingina da bangon wani gini, kamar kicin a bayan ɗaki. Wannan da ƙafarsa yake tsaye. Pitch kuwa, mu a wurin aiki silof muke cewa. "Ƙara masa silof kada ruwa ya kwanta." Kowane yaro ya gane.

Malam_Nahawu: To ga inda ake kashe harshe. Silof, rafta, tu-bai-fo! Kakanninmu sun yi soro da azara, sun sa indararo, sun ɗaura jinka, duk da sunansu. Sai mu ne za mu rasa kalmar karkatar rufi?

Ɗan_Magini: Malam, bulo da siminti da kafinta fa? Ka je kasuwar katako ka nemi tu-bai-fo da wani suna, ka ga ko za a miƙo maka. Mu da muke hawa rufi cikin rana ba mu ƙi Hausa ba.

Bamaraɗe: Kuma silof ɗinku bai ƙetare iyaka ba. A Maraɗi ba wanda zai gane shi. Ba duk abin da aka faɗa a Kano ne Hausar kowa ba.

'Yar_Zazzau: Don Allah ku bar maganar Kano, bawan Allah na da darasi. Pitch awo ne. Idan aka rubuta 3:12, ana nufin rufin ya tashi inci 3 duk tafiyar inci 12, kusan digiri 14 ke nan. Ɗaki mai faɗin ƙafa 12, bangon gaba zai fi na baya da ƙafa 3. Ko a Protractor, ma'aunin kusurwa na SketchUp, kana iya buga 3:12 kai tsaye ya ba ka kusurwar. Saboda haka a ce awon gangare, a raba shi tashi da tafiya.

Mai_Zane: Madalla, 'yar'uwa! Tashi da tafiya ya zauna daram, yaro na ji zai ga abin a idonsa. Na ɗauki rufi mai gangare ɗaya da awon gangare. Silof zan ambata sau ɗaya da baki, don su haɗa da abin da suke ji wurin iyayen gidansu.

Malam_Nahawu: Awon gangare na yarda. Sunan rufin dai har yanzu jimla ce, ba kalma ba. Ka sa jingine ko a ƙasan shafi ne.

Mai_Zane: Zan ajiye shi ga darasi na uku, Malam, inda za mu manna kicin a jikin ɗaki. Saura Push/Pull. Tura-ja ya yi?

Ɗan_Magini: Bar shi yadda yake a allon, shi yaro zai nema ya danna.