Goge tabon laifi ga matan da aka yi safararsu: yadda ake bi a kotunan Amurka

Mai tambaya: Salamu alaikum. Matar da aka tilasta wa karuwanci ta kuɓuta, amma hukuncin da aka yanke mata a lokacin yana hana ta samun aiki da gidan haya. Ta ina ake farawa?

Magatakardan lauya: Wa alaikumus salam. Kafin a je ko'ina, a tattaro tarihin kamun. A yi zanen yatsu a aika wa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayya, dala 18 ne, za su turo jerin kamun da ke cikin bayanansu. Sai a bi kotunan ɗaya bayan ɗaya a karɓo takardar ƙarshen kowace shari'a. A nan ake yawan tuntuɓe: masu safarar kan sa mata su ba 'yan sanda sunan ƙarya, sai ka tarar da shari'a uku a ƙarƙashin suna uku, a jihohi biyu. Kuma hukuncin kowace jiha a kotunta ake ƙalubalantarsa, da dokarta.

Barista: Gaskiyar Malam. Ni abin da zan ja kunne a kai, rufe fayil daban, soke hukunci daban. Rufewa ɓoyewa ce kawai, laifin na nan. Sokewa kuwa kotu ce ke cewa tun farko bai kamata a hukunta ta ba. Jihar New York ce ta fara wannan doka a 2010, amma iyakarta laifin karuwanci. Matar da ubangidan nata ya sa ta ɗauki ƙwaya ko ta yi sata ba ta da mafita, sai a 2021 da aka faɗaɗa dokar ta haɗa kowane laifi. A Kalifoniya laifin da babu tashin hankali a ciki ake sokewa.

Jigon ƙarar takardar rantsuwa ce, wato bayanin matar a rubuce bisa rantsuwa. Ba a son dogon labarin wahala. Ana son a ɗaure kowane kamu da tilascin da ke bayansa: wa ya kai ta otal ɗin a daren, wa ya riƙe fasfo, wa ya karɓi kuɗin. Kada a rubuta ta a zama ɗaya. Mai wannan ciwon kan rikita ranaku, idan kwanan wata ya saɓa da na 'yan sanda, mai gabatar da ƙara zai kama nan. A sami amincewarsa tun kafin a shigar, sau da yawa ba sai ta tsaya gaban alƙali ta maimaita ba.

Lauyar shige da fice: Barista, a ƙara da wannan. In ba 'yar ƙasa ba ce, kalmomin umarnin alƙali su ne komai. Idan ya nuna don tausayi ko gyaran hali aka soke, hukumar shige da fice za ta ci gaba da ƙirga laifin. Dole ya nuna hukuncin kansa ke da illa a doka. Ga bizar T, wadda ake ba waɗanda aka yi safararsu don su zauna a Amurka, fom I-914 ake cikewa, a haɗa da I-192 don neman afuwar laifukan.

Magatakardan lauya: Bayan an ci nasara ma da sauran aiki. Kamfanonin binciken tarihin ma'aikata na riƙe da tsohon bayani. A aika musu kwafin umarnin mai hatimin kotu, doka ta ba su kwana 30 su bincika su gyara. Ta kuma ajiye kwafi biyu a hannunta, don in an rufe fayil, sake samo shi aiki ne.