Wanda bai shiga makarantar zane ba, shi ya koya wa kansa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina zanen hotuna da fensir da fenti, kuma ban taɓa zama a ajin koyar da zane ba. Sai dai wani dattijo mai rubuta allunan talla ne ya nuna mini haɗa launi, wata maƙwabciya ta koya mini auna fuska kafin a fara zana idanu, sauran kuwa daga bidiyoyin intanet na tsinta. Yanzu an nemi taƙaitaccen tarihina domin wani baje kolin zane-zane. Shin daidai ne in rubuta cewa ni na koya wa kaina, ko kuwa hakan tauye haƙƙin mutanen nan ne?

Tsohon Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ganina ka ambace su, domin yawancin waɗanda ake cewa ba su da malami, idan aka bi diddigi sai a tarar da malaman a ɓoye. Shahararren mai zane ɗan ƙasar Holland, Vincent van Gogh, ya rungumi zane a 1880 yana da shekara 27, ya fara da kwaikwayon darussan zane na Charles Bargue, sannan ya zauna a gaban Anton Mauve, mijin wata 'yar'uwarsa, wanda ya ɗora shi a kan amfani da fenti a birnin Hague. Zamansu bai daɗe ba suka ɓata, amma abin da hannu ya riga ya koya bai tafi da ɓacin ran ba.

Hajiya Mai Launi:
Malam, ban ƙi maganarka ba, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya nuna maka dabara da wanda ya ɗauki nauyin karatunka. Malamin makaranta shi ke tsara abin da za a fara da abin da zai biyo baya, shi ke duba aiki ya ce kafaɗar nan ta karkace, a sake. Wanda ba shi da irin wannan malami shi ne ɗalibi, shi ne mai gyara, kuma nan wahalar take, domin ido yakan saba da kuskuren mai shi har ya daina ganinsa. Mai zane Henri Rousseau ma'aikacin karɓar haraji ne a Paris, ya samu shawarwari daga wasu ƙwararru, ya kuma karɓi izinin kwaikwayon hotuna a gidan tarihi na Louvre a 1884, duk da haka babu wanda ya tsara masa hanya. Dazuzzukan da ya shahara da zanawa bai taɓa shigarsu ba, tunda bai bar Faransa ba. Lambun tsirrai na birnin ya riƙa zuwa yana kallo. Masu suka sun daɗe suna yi masa dariya saboda siffofinsa a sandare suke, amma shahararren mai zane Picasso ya shirya masa liyafar girmamawa a 1908. Irin wannan mutum ai ba laifi a ce shi ya koya wa kansa.

Almajirin Zane:
Ƙarin bayani kaɗan. Makarantar zane ta birnin Florence a Italiya an kafa ta a 1563, shahararren mai zane Leonardo da Vinci kuwa ya rasu tun 1519, kuma a shagon wani mai zane, Verrocchio, ya koyi sana'a, inda yara kan fara da niƙa launi da gyaran alluna. Saboda haka rashin takardar shaida ba ya nufin rashin malami. Da ni ne, zan rubuta cewa ban yi makarantar zane ba, sannan in faɗi abin da dattijon ya koya mini da abin da maƙwabciyar ta koya mini, bayan na nemi izininsu kafin in saka sunayensu.