Kifin Malawi a tankin gilashi: in haɗa yalo lab da pikok, ko in zaɓi ɗaya?

Baban Ilham, Kaduna: Assalamu alaikum jama'a. Mai gilashi ya gama haɗa min tanki, tsawonsa ƙafa 4, zai ci ruwa wajen lita 200. Ruwan burtsatse ne a gidanmu, na gwada, pH ɗinsa (ma'aunin tsamin ruwa) 7.2. Kifin Tafkin Malawi nake so. Yara sun ƙyalla ido a kan masu ruwan ɗorawan nan, yalo lab, ni kuma pikok, wani kifin tafkin mai launuka masu sheƙi, shi ne ya kwanta min a rai. Mai sayarwa a Legas ya ce in turo kuɗi kafin Juma'a. Za su zauna tare? Guda nawa zan fara da su? Wutarmu ba ta wuce awa 6 zuwa 8 a rana.

Mai Tarwada: Wa alaikumus salam. Yallaɓai zuba tarwada ka huta, ba ruwanta da wuta.

Ɗan Fagge: Ɗan'uwa, kada ka tura kuɗin nan tukuna. Bara na sayi mbuna 14, wato dangin su yalo lab masu zama cikin duwatsu, suka kwana a motar dare, na ɗauko su a tasha da asuba, ranar na cika tanki na juye su. Babu wanda ya gaya min sai tanki ya yi sati 4 zuwa 6 matatar ruwa tana aiki kafin ƙwayoyin da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna. Kwana na biyar ruwa ya yi fari kamar an zuba koko, suka taso sama suna haki. Tara suka mutu a sati ɗaya. Biyar ɗin da suka rage na riƙe su har wata ta ɗauki ƙwai a baki, maƙoshinta ya kumbura, ta daina cin abinci. 'Yata kullum sai ta jawo kujera ta zauna tana ƙirga kwanaki, don na ce mata wajen sati 3 za ta tofo 'ya'yan. Sai ga Afrilu, aka ɗauke wuta kwana uku, famfon iska ya tsaya, ruwa ya kai digiri 33. Da safe na tarar da ita a kwance bayan dutse. Da na buɗe bakinta ƙananan suna ciki, har idanu sun fito musu. Wanda ya sayar min kuwa tun mutuwar farko ya daina ɗaukar wayata. Tankin yana nan a soro, takalma ake zubawa a ciki.

Ummu Hanifa: Wayyo, Allah ya mayar da alheri. Nawa ka saya? Ni dubu 4 aka ba ni kowane ƙarami.

Ɗan Fagge: Amin Hajiya. Dubu 9, ban da kuɗin mota.

Abu Safwan: Dubu 4 ba na gaske ba ne, gauraye ne. Ni 15 na biya pikok namiji ɗaya. Baban Ilham, a cikin mbuna yalo lab ne mai sanyin hali, mutane da yawa suna haɗa shi da pikok. Namiji ɗaya, mata 3 ko 4, in ba haka ba ya addabi macen har ta mutu. Ruwan Malawi pH ɗinsa na kusa da 8, don haka sa dakakken murjani a cikin matata. Jera duwatsu a ƙasa kafin ka zuba yashi, domin suna tono, dutse ya goce ya fasa gilashi.

Ummu Hanifa: Malam, nawa ba gauraye ba ne, shekara biyu ke nan suna haihuwa. Kuma ni da na haɗa su, pikok ɗina ya koɗe, ya laɓe bayan matata bai ƙara fitowa ba. Ba na ba Baban Ilham shawarar haɗawa.

Mai Tarwada: Shekarata 11 ina kiwon kifi, kududdufi shida gare ni. Masu koyo a YouTube ne za su koya mana ruwa?

Abu Safwan: Alhaji, da girmanka, amma tarwada tana shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure abin da wannan ba zai jure ba. Abincinta ma in ka ɗura wa mbuna cikinsa zai kumbura, gansakukar jikin duwatsu ce cimarsa a tafki.

Na Gidan Baban Gida: Wai tsakani da Allah, a ƙarshe ana soyawa? Na ji an ce dangin karfasa ne. Dubu 15 ai kwandon karfasa ne da yaji.

Abu Safwan: Danginsu ɗaya kam, amma ka bar mana namu.

Baban Ilham, Kaduna: Na gode ƙwarai. To guda nawa ke nan? Kuma da hunturu sai na sa hita?

Ɗan Fagge: Hita da wace wutar? Su digiri 24 zuwa 28 suke so, mu kuwa Janairu sanyi, Afrilu wuta-wuta. Fara sayen famfon iska mai batir kafin kifi.

Ummu Hanifa: Ni ƙaramin sola na haɗa musu. Batirin farko wata biyar ya yi ya mutu, mai shagon ya rantse sabo ne, ashe fenti aka yi masa.

Mai Tarwada: Ai batun batir kada ma a fara. Biyu na saya a watan azumi, ko fanka ba sa kaiwa sahur. Ga takardar kuɗin wuta tana zuwa cif-cif kowane wata, mu da muka yi sati uku taransifoma a ƙone, kuma mu aka ce mu yi karo-karo a gyara.

Na Gidan Baban Gida: Ku nawa aka yanka wa kowane gida? Mu dubu 10 ne, har yau ba mu ga haske ba.