Ƙarar inji da sassafe bayan juyen baƙin mai: wa ya taɓa gani?

Abban Sadiya: Assalamu alaikum jama'a. Accord 2005 ce da ni, mai silinda huɗu. Tun da na yi juye makon jiya, in ta kwana a ajiye na tayar da safe sai inji ya yi ƙarar-ƙarar-ƙarar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, daƙiƙa biyu ko uku, sai ya yi shiru. Alamar butar nan ja ta baƙin mai da ke gaban direba ma tana ɗan jinkiri kafin ta mutu. Da rana lafiya lau. Na duba geji, mai cike yake. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka.

Direban Jos-Bauchi: Wa alaikumus salam. Malam, filta ce. Ni ma an taɓa ɗaura mini wata mai arha, kwalinta kyakkyawa har da tambari, ashe jabu ce. Washegari ƙara ta fara. Na sake filta kawai, ko man ban zubar ba, ciko aka yi, shi ke nan.

Makaniken Unguwa: Bari in faɗi dalilin da ya sa maganar direba za ta iya zama gaskiya. In ka juya filta ka leƙa ƙananan hudojin da ke kewaye da babban ramin, akwai wata roba a bayansu. Aikinta ta rufe hanya idan an kashe inji, don kada mai ya koma ƙasa. In robar ta yi tauri ko ba ta zauna daidai ba, cikin dare filta za ta tsiyaye, da safe sai famfo ya sake cika ta kafin mai ya kai sama. Wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ke gogar ƙarfe. A irin motarka filtar a kwance take, shi ya sa abin ya fi nunawa. Baƙar roba ta fi saurin tauri da zafi, ja ko ruwan lemo galibi silikon ce, ta fi ƙarko.

Amma Alhaji, wane mai aka zuba maka?

Abban Sadiya: 20W-50, Oga. Mai juyen ya ce shi ya dace da zafin ƙasarmu.

Makaniken Unguwa: Haka suke gaya wa kowa. Duba murfin da ake zuba mai ko littafin motar, na Amurka 5W-20 aka rubuta. Mai kauri irin 20W-50 a sanyin hunturu ba ya hawa da wuri, ga filta mai tsiyaya, an haɗa biyu ke nan.

Maman Ihsan: Ni tawa ba filta ba ce. Sai da aka canja har da ta asali, ƙarar na nan. Da aka kwance farantin ƙasa, ragar da famfo ke zuƙar mai ta toshe da daskararren baƙin mai, mai motar na farko ba ya juye a kan lokaci. Wankewa aka yi.

Makaniken Unguwa: Gaskiyar Hajiya. Akwai kuma giyar VTC da ke kan kamshaf, mai daidaita lokacin buɗe bawul, sananniyar matsala ce a Accord 2008 zuwa 2012 masu silinda huɗu. Ita gurzawa take yi sau ɗaya da ƙarfi, kuma ko filta goma ka sake ba za ta bari ba. Wadda nake tsoro ita ce bugu mai nauyi daga ƙasa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko butar ta riƙa ƙyaftawa a silo. Wannan kashe motar za ka yi, a ɗaura agogon awo a ga ƙarfin mai, don mital ne, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, ke shirin tafiya.

Direban Jos-Bauchi: Kafin ka gyara dai kada ka taka totur da zarar ta tashi. Bari butar ta mutu tukuna.

Abban Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na sake filta, aka zuba 5W-20. Yau da asuba butar ta mutu nan take, ƙarar ta ragu sosai amma akwai saura kaɗan. Oga, ranar Asabar zan kawo maka ita ta kwana a gareji, ka tayar da kanka ka ji.