Neman shawara: ta yaya zan shigo da faɗan BattleTech cikin D&D?

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne a teburinmu, D&D bugu na 5 muke yi (wasan labari na teburi da ake jefa dayis), ni ke jan wasan. Labari ya kai inda mutanena suka tono manyan mutum-mutumin yaƙi a kangon wani tsohon birni, sun kuma kafe sai sun hau. Irin faɗan BattleTech, wasan teburi na yaƙin manyan injina, nake so, inda inji ke ɗaukar zafi, hannu ya guntule amma a ci gaba da gwabzawa. Sai dai lissafin ya ƙi haɗuwa. Can gida ɗaya a taswira mita 30 ne, zagaye daƙiƙa 10; a D&D gida ƙafa 5 ne, zagaye daƙiƙa 6. Harbin matsakaiciyar bindigar lesa da ke kai gida 9, in na juya shi sai ya haura gida 170, teburin ma ba zai ɗauka ba. In kuma na ba injin HP (makin lafiya) 500 na huta, ya zama dodo kawai sanye da ƙarfe. Ina mafita?

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Sadiq, ka ajiye juya alkaluman nan, wahala ce kawai. In an hau inji, ka shimfiɗa wata taswirar ka ce gida ɗaya mita 30 ne, ba wanda zai ɗauko awo ya tuhume ka. Harbi ka bar shi yadda suka saba, d20 (dayis mai fuska 20) a kan AC (makin kariya). Abu biyu ne kaɗai suka cancanci ɗaukowa: zafi da wurin da harbi ya sauka.

Zafin ne ke sa ɗan wasa ya dafe kai. Ɗauki injin Warhammer mai tan 70: manyan bindigogin PPC biyu gare shi, kowanne zafi 10, na'urorin sanyayawa 18. Ya harba duka biyun yana gudu (gudun na ƙara 2), zafi 22 ke nan, a cire 18, saura 4 a jiki. Ya maimaita, ya kai 8, saiti ya fara lalacewa. A 14 inji na iya mutuwa a tsakiyar fili, a 19 harsasan cikinsa na iya tashi da shi. Ma'aunin ya kai har 30, ya yi wa D&D tsawo. Ka matse shi zuwa mataki 6 kamar dokar gajiya da suka riga suka sani: na 2 tafiya ta ragu, na 3 harbi da disadbantej (a jefa sau biyu a ɗauki ƙaramin), na 5 sai an yi jifan tsira (jifan dayis na kauce wa haɗari) kafin inji ya ci gaba da aiki, na 6 ya mutu murus. Ka ba kowa wake shida ya riƙa turawa gabansa, kowa na ganin wanda ya kusa ƙonewa.

Hauwa: Ni tambayata, wanda ke ƙasa fa? In ba ka yi tanadi ba, mai takobi zai tsaya yana saran ƙafar injin Atlas mai tan 100 har ya kayar da shi. Littafin mai jan wasa na 2014 yana da dokar da aka yi wa jiragen ruwa: jirgin yaƙi ba ya jin bugun da bai kai 20 ba. Ka sa wa injinanka ita. Amma ka lura, tsafin wuta na Fireball 8d6 ne (dayis takwas masu fuska 6), tsaka-tsakinsa 28, zai wuce. Ka yanke tun yanzu ko kana son matsafi ya iya ƙona inji. Ni da zan sa wutar ta ƙara masa zafi mataki ɗaya maimakon ta ci sulke.

Bashir: Yallaɓai, me ya sa za ka wahalar da kanka? Wasan Lancer na nan tun 2019, shi ma d20 ne, an gina shi don wannan aikin, da zafinsa da komai. Ko ku buga Alpha Strike, sauƙaƙƙen BattleTech, ranar yaƙi, ku koma D&D ranar labari.

Sadiq: Bashir, da ƙyar na koya musu wannan ɗin, ba za su karanta wani littafin ba. Anti Hauwa, na ɗauki ta wutar. Malam, wurin saukar harbin fa? Guri takwas ga kowane inji, kowanne da sulkensa da ƙashinsa, dare zai raba ba mu gama zagaye uku ba.

Malam Nura: Kada ka jefa a kowane harbi. A nan Bashir ya kawo abin amfani, ka ari dabarar Lancer: raba HP ɗin gida huɗu, sai kashi ɗaya ya ƙare ake jefa dayis biyu irin na ludo a ga abin da ya lalace. Jadawalin BattleTech zai yi maka yadda yake, 7 tsakiyar ƙirji, 12 kai. Sau huɗu ke nan kacal ga kowane inji.

Hauwa: Wannan 12 ɗin dai a bi ta a hankali. Sau ɗaya ce cikin 36, amma a BattleTech kai sulkensa bai wuce 9 ba, ƙashi 3, babbar bindigar AC/20 na iya tafiya da matuƙi nan take. Wanda ya yi wata da watanni yana rainon jaruminsa ba zai yafe maka ba. Ka ba shi jifan tsira na Dexterity (zafin nama) ya dirgo, ya ƙarasa faɗan a ƙasa.

Bashir: A ƙasan da takobinsa ba ya cin komai?

Hauwa: Sai ya hau jikin na abokan gaba ya ɓalle ƙyauren matuƙi. Ƙyaure ai ba sai an sa masa dokar 20 ɗin ba.