Kiɗan dabul bas kaɗai yana riƙe mutum ko sai an haɗa da koyarwa?

Mai_Tambaya:
Salam 'yan uwa. Ƙanina ne ya dage sai ya karanci kiɗa, kuma duk kayan kiɗan duniya bai ga na ɗauka ba sai dabul bas, ƙaton gogen nan mai tsayin mutum da ake kaɗawa a tsaye. Abinda ya ɗaure min kai, duk wanda na duba tarihinsa sai in ga makaɗi ne kuma malami. To kiɗan ne baya ciyar da mutum ko yaya?

Tsirkiya4:
Wa alaikassalam. Gaskiya guraben ne ba yawa. Babbar okestira, wato ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri, masu dabul bas ɗinta basu cika wuce takwas ba, kuma wanda ya samu kujera sai ya shekara ashirin ko talatin a kanta, in gurbi ya buɗe kuwa mutane su yi ta tururuwa, a sa labule tsakaninka da alƙalai su ji kiɗanka basu ga fuskarka ba. Shi yasa yawanci ake haɗawa, yau wasa gobe sutudiyo jibi ɗalibai.

Malama_Z:
Ni dai ban yarda koyarwar ta waɗanda suka rasa aiki bace. Ron Carter fa, makaɗin bas ɗin nan na Amurka? Ya yi kiɗa da shahararren makaɗin jaz Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, Guinness ta sa shi a kundinta saboda faifai sama da 2,200 da ya yi kiɗa a ciki, amma ya shafe shekaru yana koyarwa a City College a New York, daga baya makarantar kiɗa ta Juilliard. Wannan rashin aiki ne ya kai shi aji? Ga Chi-chi Nwanoku a Ingila, babanta ɗan Najeriya ne, 'yar tsere ce ma da farko sai ciwon gwiwa ya raba ta da gudu ta koma kan bas, ta zama farfesa a Royal Academy of Music kuma ita ta kafa okestirar Chineke! a 2015. Abin ne baya koyuwa a bidiyo kawai, sai malami ya kama hannunka ya gyara maka tsayuwa da riƙon baka, wato sandar da ake goga wa tsirkiya, don wuyan bas ɗin ba alamar inda za ka danna kamar jita, kunne ne ke maka jagora. In aka fara a karkace baya da kafaɗa ne zasu biya.

Tsirkiya4:
Haka ne Malama, ban ce ƙasƙanci bane, lissafin aljihu nake. Kuma mai tambaya ka gaya masa ya koyi duka biyun, gogawa da baka da kuma kaɗawa da yatsa irin na jaz, ya iya karanta nota, wato rubutun kiɗa, sosai. Mai bas a jaz ba a cika rasa nemansa ba tunda kusan kowace ƙungiya tana buƙatar ɗaya.

Mai_Tambaya:
Na gode ƙwarai. Saura ɗaukar kayan, naga ko a mota sai an kwantar da kujera. Jirgi fa ya ake yi?

Malama_Z:
Akwai akwati mai tauri na musamman da ake sa shi a ɓangaren kaya, wasu kuma basa wahalar da kansu, haya suke yi a garin da zasu yi wasa su tafi da bakansu kawai.