Dandazon taurarin da can ƙanana ne, ko idonmu ne ya gaza?

Ɗalibi: Salamu alaikum jama'a. Ana cewa manyan dandazon taurari (galaxy) na shekara biliyan 10 baya, waɗanda sai yanzu haskensu ke iso mana saboda nisa, ba su kai rabin faɗin takwarorinsu na yau ba. Ni ban gamsu ba. Dandazon taurari ba shi da katanga, haskensa dusashewa yake yi sannu a hankali. Idan ya yi nisa, gefen ne zai ɓace, mu ga cibiya kawai mu ce ƙarami ne.

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam. Maganarka tana da tushe. Masanin kimiyya Richard Tolman ya yi lissafin tun 1930: sararin samaniya faɗaɗa yake yi, kuma in ya faɗaɗa ninki uku tun fitowar hasken, dusashewar takan kai ninki 81. Amma ba gefe ake aunawa ba. Da'ira ake zanawa daga cibiya, a yi ta buɗa ta har ta ƙunshi rabin hasken, sai a ɗauki wannan a matsayin girmansa.

Ɗalibi: Rabin wane haske, Malam? In na gefen ya ɓace, jimillar ma ai ta ragu.

Malama mai bincike: Ƙanena, wannan tambayar ta daɗe tana damun masana. Shi ya sa aka bar madubin hangen nesa na Hubble yana kallon wuri ɗaya kwana da kwanaki, aka kuma ɗora hotuna da yawa kan juna don raunanan haske ya fito. Ya fito, amma bai kai ya cike giɓin da ke tsakanin girman na da da na yau ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gudun taurarin cikinsu, wanda ba ruwansa da gefe. Gudun ya yi yawa, alamar nauyi mai yawa ne a cushe a ɗan wuri.

Wani ɗan'uwa: To faɗaɗar sarari ce ta miƙa su.

Malamin kimiyya: A'a, ƙarfin jan nauyi ya riƙe su gam. Haɗiye ƙananan maƙwabta ne ke ƙara musu faɗi. Namu ma, Milky Way, yana cikin haɗiye ɗan dandazon Sagittarius da aka gano a 1994.

Ɗalibi: Na karɓi batun gudun, Malama. Sai dai ba dandazo ɗaya muka bi daga ƙuruciya zuwa tsufa ba. Wasu masu faɗi sun shigo sahun manyan daga baya sun ɗaga matsakaicin girman. Nawa ne girma na gaske, nawa ne na baƙin?

Malama mai bincike: A nan kam har yau ana ja.